Tayil a Ɗakin Inna

Ɗakin Inna shi ne na ƙarshe da ya rage da daɓe a gidanmu na Zurmi. Ƙanena, wanda ke zaune a gidan da iyalinsa tun rasuwar mahaifinmu, ya bi ko'ina ya shafe da siminti, daga zaure har bakin madafi, amma da ya iso ƙofar Inna sai ta ce ya tsaya nan. Ta ce siminti sanyi gare shi, yana shiga ƙashi, kuma ita ba ta ga laifin da ƙasan ɗakinta ya yi mata ba. Ƙanena ba mai jan magana ba ne. Ya kwashi ragowar simintinsa ya gyara bakin rijiya da shi.

Wanda bai tashi da daɓe ba zai ɗauka ƙasa ce kawai aka tattake da ƙafa. Aiki ne na gayya. Maza su kawo jar tsakuwa daga bayan gari a kan jakuna, a baza ta a ɗaki, a jiƙa ta ta kwana. Kashegari matan unguwa su taru, kowacce da madaɓinta, wani guntun katako mai faɗin baki da mariƙi, su durƙusa a jere suna bugu suna waƙa, suna matsawa kaɗan-kaɗan. Ana bugu ana zuba makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ya yi baƙi. Makubar ce ke kama tsakuwar ta ɗaure ta. In an gama ya bushe, sai ka ga wurin ya yi ja mai duhu, yana ɗan sheƙi, ƙafa kuma tana zama a kansa daram. Ina yarinya aka yi wa ɗakin Inna nasa, kuma abin da na fi tunawa shi ne furar da aka dama wa matan, domin a nan na fi ba da taimako.

Daga ranar Inna ta riƙe ɗakin nan da hannunta. Duk shekara idan ɗorawa ta nuna, takan jiƙa ɓawo a wata tsohuwar tukunya ta shafe daɓen da tsumma, inda ya fara ɓarewa ta cike ta bubbuge da ɗan madaɓinta ita kaɗai. Shara kuwa ba a magana. Da ta idar da sallar asuba ta gama laziminta, gari ya fara haske, sai ta ɗauko kwanon sha da ruwa, ta tsoma yatsu ta yayyafa daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa don kada ƙura ta tashi. Daɓe ya shanye ruwan nan take, ɗaki ya ɗauki ƙamshin ƙasa. Sannan ta sunkuya da guntuwar tsintsiyarta, hannu ɗaya a gadon baya, ta bi ƙarƙashin gado, bayan randa, gindin jeren kwanoni. Mu 'ya'yanta ta yarda mu share tsakar gida da zaure, har bakin hanya in muna da ƙarfi, amma ban da ɗakinta. Ta ce mu sama-sama muke yi, kuma ba mu san lungunansa ba. Ko ranar da zazzaɓi ya kayar da ita, sai ta lallaɓa ta yi sharar nan kafin ta koma ta kwanta.

Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta yabona a gaban mutane. Da ina ƙarama "ke wagga" ce ni. Da na yi aure a Ƙaura Namoda na fara koyarwa a firamare, sai na koma "ta Ƙaura", in kuma tsokana take ji, "Malama". Ban taɓa shakkar tana ƙaunata ba. Amma ni mutum ce mai son a faɗa mini in ji da kunnena, kuma wannan halin ya sha jefa ni cikin wauta.

A Ƙaura na san tayil. Gidan hayar da muka koma yana da shi, fari ƙal, kuma da farko na sha wahalarsa, don da tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma na tunkare shi, ina rarrafe daga bango zuwa bango. Maƙwabciyata, wata Kirista 'yar kudu da ke aikin jinya, ita ta tausaya mini. Ta kawo mini mofa, sandar nan mai gashin zare a ƙasa, ta nuna mini yadda ake yi. A fara share ƙura da busasshiyar tsintsiya. A zuba garin sabulu kaɗan a bokiti, don in ya yi yawa danƙo yake bari. A matse mofar sosai, a faro daga ciki ana ja da baya zuwa ƙofa, sannan a tsare ƙofar a hana yara shiga sai ya bushe. Ban daɗe ba na zama gwana, har ina ba wasu shawara ba tare da sun tambaye ni ba. Har na fara raina duk ɗakin da ƙasansa ba ya nuna wa mutum fuskarsa.

Wata rana na je Zurmi da wata abokiyar aikina. Muka zauna a ɗakin Inna a kan tabarma, muka ci, muka sha, aka yi hira mai daɗi. Da muka miƙe za mu tafi, sai abokiyar tawa ta sa hannu ta kakkaɓe bayan zaninta. Ba ta nufi komai ba, na sani, kowa yana yin haka in ya tashi daga tabarma. Amma a ranar na ga ɗakin da idon baƙo. Na ga tsagar da ta bi gindin bango, na ga ramin da ƙafar gado ta ci, na ga inda makuba ta daina kamawa. Kunya ta kama ni, ni kuma na yi mata suna mai kyau, na ce tausayin Inna nake ji. Tausayin ma akwai shi, bayanta ya fara ciwo, ga sunkuyo kullum safiya. Sai dai in za a auna, kunyar ta fi nauyi.

Na yi mata maganar tayil, ta ce in bar ta. Na sake yi, ta dube ni ta ce, "Malama, ɗakin ga ya ishe ni. In abin kashewa ad da ke, saya ma ɗiyanki takalma."

Sai ga dama ta samu. Ƙanwarta da ke aure a Shinkafi za ta aurar da 'ya, Inna ta tafi da niyyar zama har a watse. Na kira ƙanena na ce ya nemo masu aiki. Ya ce, "Yaya, kin hwaɗa mata?" Na ce in an faɗa mata ai ba za a yi ba, in kuwa ta gani za ta so. Da muryar da nake yi wa 'yan aji magana na faɗa, shi kuma tun yana ƙarami bai iya musu da ni ba.

Ni na zaɓi tayil ɗin da kaina a wani shago a Ƙaura. Akwai wani mai ɗan kaushi, ruwan ƙasa, na ture shi gefe na ce wannan ai na banɗaki ne. Na ɗauki fari mai santsi, irin nawa, aka loda a mota zuwa Zurmi. Ranar da aka fasa daɓen ina tsaye a ƙofa. Diga tana sauka tana tsalle, daɓen yana fitowa gutsure-gutsure da ƙyar, ni kuma sai duba waya nake ina cewa su hanzarta in samu motar komawa kafin la'asar, domin hanyar ba wadda ake yin yamma a kanta ba ce yanzu. Ban ɗauki ko gutsure ɗaya na duba ba. Da ɓaraguzan aka cike wani rami da ruwa ke kwanciya a ƙofar gida.

Na dawo ranar da Inna za ta iso. Na wanke ɗakin, na goge, na sa turaren wuta, muka mayar da gado da randa da jeren kwanoni inda suke. Ta sauka daga mashin da ƙullin kayan biki, ta gaisa da kowa, ta zo ta ɗaga labulen ɗakinta. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ɗaga ƙafa ta goge tafinta da gefen zani, ta goge ɗayar, kamar mai shirin shiga ɗakin mutane.

"Wa yay yi wanga aiki?" ta tambaya.

Matar ƙanena ta ce, "Yaya ta, Inna. Ta Ƙaura."

Inna ta ce, "Allah shi yi mata albarka. Allah shi ba ta masu yi mata."

A gabana ta faɗa, a gaban maƙwabta da suka biyo ta. Sai da na juya baya na share ido. Na ga kuma yadda ta ratsa ɗakin tana dafa bango, yatsun ƙafarta a ƙanƙame, amma na ce a raina sabo ne, za ta saba. Daɗi ya cika ni a ranar har ba wurin da wani tunani zai zauna.

Kafin in tafi na ba ta sabuwar mofa da bokiti, na yi mata darasi sosai. Ta riƙe sandar da hannu biyu kamar taɓarya, muka yi ta dariya har da ita. Na gaya mata yawan sabulun da za a sa, da yadda ake matsewa, da ja da baya. Na ce kada a bar manja ya kwana a kai, kada a ja ƙafar gado ta karce shi, kada a fasa goro da dutse a kansa. Duk abin da zai kare tayil ɗin na faɗa. Ban ce mata komai ba a kan kwanon ruwanta na safe. Ba ɓoyewa na yi ba, abin bai zo mini ba ne sam, ni da na tashi ina jin ɗigon ruwan nan yana sauka a fuskata ina kwance a tabarmarta.

Kwanakin farko matar ƙanena ce ke goge mata ɗakin, don mutane na ta zuwa kallo. Da ƙafa ta ɗauke, Inna ta koma ga abin da ta saba. Ta idar da lazimi, ta ɗauko kwano, ta yayyafa daga ƙurya zuwa ƙofa. Tayil ba ya shan ruwa. Fari ne kuma, ruwa ba ya nunawa a kansa, ballantana ga idon tsohuwa a hasken safiya. Ta juya za ta ɗauki tsintsiya, ƙafarta ta tafi.

Ina cikin aji aka kira ni. An ɗauko mai ɗori, ya taɓa ya ce wannan karayar ƙugu ce, a tafi asibiti. Aka kawo ta Ƙaura, daga nan aka tura mu gaba, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. Da aka sallame mu na ce a gidana za ta yi jinya, ba wanda ya yi mini musu. Watanni ta yi a kan katifa a falona. Ni ke ɗaga ta, ni ke yi mata wanka, maƙwabciyata mai aikin jinya tana shigowa ta duba ɗinkin ta nuna mini yadda zan juya ta. Inna, wadda ko ɗankwalinta ba ta yarda wani ya wanke mata, ta koma sai an kawo mata fo. Takan kau da kai ta kalli bango in ina yi mata, ni ma in kau da nawa.

Sau ɗaya na gwada yi mata maganar. Ina shafa mata man zafi a ƙafa, na ce, "Inna, ni nij ja miki wanga."

Ta janye ƙafar. "Ke kiy yayyahwa ruwan?"

Na ce a'a.

"To hannuna na. Ƙaddara ta, kuma kar in ƙara jin zancen ga bakinki."

Masu zuwa dubiya in suka tambayi yadda aka yi, sai ta ce santsi ya ɗauke ta, tsufa ne, ƙafa ba ta da ƙarfi. Kalmar tayil ba ta taɓa fita daga bakinta ba sai in za ta yaba. Na sha jin ta tana gaya wa mata, "Ba ku ga ɗakina ba, ta Ƙaura ta mai da shi awa na amarya." Ni kuma ina madafi ina juya miya, ina jin kamar in nutse. Da ta zage ni, ko da sau ɗaya ne, da na samu sauƙi. Har na kai ina jin haushinta saboda ta ƙi, sannan in dawo in ji haushin kaina da na ji haushinta.

Da ikon Allah ta tashi. Da farko da mutum biyu a gefe, daga baya da sanda, tana jan ƙafar dama kaɗan. Da ta ga tana iya kaiwa ƙofa ita kaɗai, ta ce a mayar da ita Zurmi. Likitan da ya duba ta a ƙarshe ya kira ni da ƙanena gefe ya ce mu kula, in ta sake faɗuwa a kan ƙugun nan, da wuya ta ƙara tashi. Wannan maganar muka ɗauko muka dawo da ita gida tare da Inna.

Na ce mata zan sa a fasa tayil ɗin. Ta ce, "A ce ɗiyata ta yi mini abu, ni kau na sa an hwashe? Mi mutane za su ce da ke?" Na ce ban damu da mutane ba, wanda ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce. Na ce to a canza da mai kaushi. Ta ce diga ba za ta ƙara shiga ɗakinta ba tana raye. Ko da ta yarda ma, daɓen ba zai dawo ba. Matan da suka buga wancan, wasu sun rasu, wasu gwiwa ta hana, wasu rashin kwanciyar hankali ya kwashe su zuwa wajen 'ya'yansu a wasu garuruwa. Ba kuma wanda zai tura ɗansa bayan gari neman tsakuwa da ɓawon ɗorawa a wannan zamani. Abin da na sa aka fasa a yini guda, na nemi hanyar mayar da shi na rasa.

Sai muka shiga dabaru. Muka shimfiɗa tabarma, ita ma ta riƙa zamewa a kan santsin. Muka sa leda, bakinta ya nannaɗe yana kama sandar Inna. Na kawo kafet daga Ƙaura, ya tara ƙura ya sa ta tari, aka naɗe aka jingine a zaure. Ƙanena ya yanko roba daga tsohon silifa ya ɗaure a gindin sandar, wannan kam ya yi amfani. Aka fitar da randa zuwa rumfa, aka ce buta ba ta ƙara kwana a ɗakin, ruwan shanta ma a gora mai murfi. Goge-goge kuma ya koma wuyan matar ƙanena. Sai rana ta ɗaga, Inna ta fito rumfa, sannan matar ta shiga ta share, ta goge da mofa, ta bi da busasshen tsumma a durƙushe, da goyo a bayanta. Farin tayil ba ya ɓoye komai, sawun kaza ɗaya ya isa ya ɓata shi, don haka wani lokaci sau biyu take yi. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Nakan kawo mata atamfa ko sabulu in na zo, ta yi godiya, ni kuma in kasa haɗa ido da ita.

Muna ganin an samu lafiya, sai ƙanena ya kira ni. Ya ce Inna ta koma shara. Matarsa ta fara ganin 'yar tarin ƙura a bayan ƙofa da safe. Daga baya ta leƙa ta same ta a sunkuye, sanda a jingine da bango, hannu ɗaya a kan gado, ɗaya da tsintsiya. Suka ɗauke tsintsiyar. Ta kira mai tallar tsintsiya ta sayi wata, tana ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Ya yi mata magana, ta ce tun bai san hannunsa na dama ba take share ɗakin nan. Abin da ya sa ya kira ni shi ne, shekaranjiya matarsa ta ga ɗigon ruwa a ƙasa, a jere, daga ƙurya zuwa ƙofa.

Ya ce, "Yaya, ke ɗai taka jin nauyi. Ki zo ki amshe."

Na so in ce ya yi da kansa, shi ne namiji, shi ke gidan. Amma na san dalilin da ya sa ya ce ni, shi ma ya sani, bai dai faɗa ba.

Ranar Asabar na shiga motar farko, na isa da hantsi. Na same ta a bakin gado tana jan carbi. Muka gaisa, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce na rame, ko albashin ne bai fito ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Sanyin tayil ɗin ya ratsa zanina, abin da ban taɓa lura da shi ba a nawa gidan, don ni a kujera nake zama. Na yi ta kewaye-kewaye, zancen damina, zancen tsadar gero, har ta gaji.

"Malama ba ta zuwa ba hutu ba sai da dalili," ta ce. "An kai ƙarata ko?"

Na ce, "Inna, don Allah ki bar shara."

"Wace shara? Ina nig ga tsintsiya, sun amshe."

Na dubi gefen katifar, inda bakin tsintsiyar ya ɗan leƙo. Ta bi idona da kallo, ta yi 'yar dariya, ta ce ashe har bincike ake koya mana a makarantar. Sannan ta ce, "Busassa nika yi. Ba ni sa ruwa."

"An ga ruwa, Inna."

Ta ɗaga hannunta na dama ta juya shi tana kallo. Na gane a lokacin ba ta ma san ta yi ba, ko ta sani bayan ta riga ta yi. Ta ce a hankali, "Hannun ga bai jin magana."

Na gaya mata abin da likita ya ce, wanda muka ɓoye mata tun dawowarta. Na faɗa dalla-dalla, ban rage komai ba, don na san in na sassauta ba za ta bari ba. Na ce in ta sake faɗuwa, katifar nan da fo ɗin nan za a koma, kuma wannan karon ba tashi. Na ga maganar ta shige ta. Ban taɓa tsanar muryata ba kamar a ranar, muryar nan tawa mai iya bayani.

Can ta ce, "To in na ida salla, mi za ni yi?"

Na ce ta huta. Na ce ta ƙara lazimi, ta kunna rediyo, jikoki za su shigo gaishe ta. Ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da nauyi. Ta gyaɗa kai kawai. Ta sa hannu a ƙarƙashin katifa ta zaro tsintsiyar, ta buga gindinta a tafin hannu ta daidaita, ta ƙara ɗaure igiyar da ta yi sako-sako, sannan ta miƙo mini.

"Ba yarinyar ga," ta ce, tana nufin matar ƙanena. "Mai kyau ta, kar a yas."

Na karɓa. Na rasa inda zan sa kaina, sai na ce bari in gyara mata ɗakin tunda na zo. Matar ƙanena ta ce in bari ta yi, na ce a'a, yau ni zan yi. Na ce Inna ta ɗaga ƙafafunta, ta ɗaga ta naɗe su a kan gado. Na share ƙarƙashin gadon, na share gindin kwanoni, tana kallona, ba ta ce na bar wani lungu ba, ko da yake na san na bari. Na ɗebo ruwa a bokiti, na sa sabulu kaɗan, na matse mofa har hannuna ya yi ja. Na faro daga ƙurya ina ja da baya. Na bi da busasshen tsumma a durƙushe, hawaye na zuba, ina gogewa tare da ruwan. Ɗakin ya yi fes, ya yi kyau ƙwarai, ba zan ce bai yi ba.

Ina bakin ƙofa ina wanke tsumman aka kira azahar. Butarta tana waje, sai ta fito za ta yi alwala. Na ji motsinta, na ɗaga labule. Ta matso bakin gado, ta ɗauki sandarta, ta sauko da ƙafafunta suna reto, ba su taɓa ƙasa ba. Ta dube ni.

"Malama, ya bushe? In sauko?"

Na durƙusa na shafa tayil ɗin da tafin hannuna. Wajen ƙofa akwai sauran danshi.

Na ce, "Tukuna, Inna."

Ta ce to. Ta mayar da ƙafafunta kan gado, ta ɗora sandar a cinyarta, ta zauna tana jira.